Yayata Ni-ce

A gidanmu in kofi ya faɗi a ɗaki ya fashe, ko Yaya tana can tsakar gida tana shanya, kafin ƙarar ta gama mutuwa za ka ji muryarta: "Ni ce!" Ba ta ga kofin ba, ba ta ma san kofi ne ko faranti ba. In kaza ta ture bokiti, ita ce. Akwai ranar da iska ta yaye kwano ɗaya daga rufin kicin, wallahi tallahi ta ce ita ce, wai jiya ta jingina tsani a jikin bangon. Tun ana dariya har abin ya bi ta ya zama suna. Duk layinmu ba mai kiranta sai da Ni-ce, kuma tana amsawa da fara'arta. Bana shekararta uku a ƙasa, Allah ya ji ƙanta, amma har yau in wani abu ya fashe a shagona na kwanuka sai na ɗan saurara.

Mu biyu ne muka rayu a cikin 'ya'yan Inna, Yaya da ni auta, kuma shekara biyar ta ba ni. Ni na fito da baki, ita ta fito da haƙuri. Inna takan ce da za a haɗa mu a dama a raba daidai, da ta samu 'ya'ya biyu masu hankali.

Baba direban babbar mota ne. Yakan yi sati uku a hanya, wani lokaci wata guda, ya zo ya kwana huɗu ya koma. Tun daga kwanar layi yake danna hon sau uku, mu kuwa ko me muke yi sai mu watsar mu kwasa a guje ba takalmi. Ya sauko yana warin man mota da ɓawon lemo, ya ɗaga ni sama har sai na hango cikin gidan maƙwabta, ya dafa kan Yaya ya ce, "Uwar gida, kin ƙara tsawo." A ƙarƙashin kujerarsa akwai buhun tsaraba: alawa, biskit, sabulu mai ƙamshi na Inna, wani lokaci 'yan kunne na roba. Amma buhun ba ya sauka nan take, sai an gama zagaye.

Zagayen nan shi ne matsalarmu. Kun san yadda direba yake zagaya motarsa kafin ya tashi, ya bugi wannan taya, ya leƙa ƙarƙashi, ya ja igiya ya ji ko ta saki? To haka Baba yake yi wa gida. Ko takalmi bai cire ba zai goya hannu a baya ya fara daga zaure. Idonsa kuwa ba ya kuskure. Ƙwan fitila da ya tsage, mariƙin bokiti da ya ɓalle, ƙunar gawayi a gefen tabarma, ba abin da yake wuce shi. In ya samu sai ya ɗauko abin, ya tsaya a tsakiyar gida, ya ce, "Wa ya yi?"

Ba ya ɗaga murya, kuma da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi. Zai tsaya yana jira. In ba wanda ya amsa sai ya juya ya dubi Inna ya ce, "To ke ce ke nan, tunda ke na bar wa gida." Daga nan ya rufe bakinsa. Ba zai ci abincinta ba, ba zai amsa gaisuwarta ba, zai shimfiɗa tabarma a inuwar motarsa ya wuni yana goge abin da ba ya buƙatar gogewa. Kwana uku cikin huɗun nan sai su tafi a haka, buhu yana ƙarƙashin kujera, Inna tana wanke-wanke hawaye na ɗiga cikin ruwan kumfa. Daga baya na ji cewa kawun da ya riƙe shi yana yaro haka yake, in akuya ta ɓata ba mai cin abinci a gidan sai an samu mai laifi. Ban faɗi wannan don in wanke Baba ba, na faɗa ne don ku san abin ba daga sama ya faɗo ba.

Ina shekara shida Baba ya sayo wani fulas ja mai furanni a jiki. Ya ce ya fi ƙarfin hanya, a ajiye masa a gida, in ya dawo a riƙa zuba masa shayi. Inna ta ɗora shi a saman kabad. Ni kuwa ido ba ya ganin abu ja ya haƙura. Na taka kujera na sauko da shi, na buɗe, na ga cikinsa yana walƙiya kamar madubi, na kara kunne na ji yana wani gunji. Ina cikin leƙa ido ɗaya in ga fuskata ya suɓuce. A waje ko ƙwarzane bai yi ba, amma da na girgiza sai na ji cakar-cakar. Na mayar da shi inda yake, na je na kwanta na ce cikina ke ciwo.

Bayan kwana biyar muka ji hon. Baba ya yi zagayensa bai samu komai ba, har Inna ta fara murmushi, sai ya miƙa hannu saman kabad ya girgiza fulas.

"Wa ya yi?"

Ina kallon ƙafafunsa, na ga sun fara juyawa wajen Inna. Sai na ji wata 'yar murya a bayana ta ce, "Ni ce, Baba."

Ya dubi Yaya, ya ce ta miƙo hannu. Ya cire silifas ɗinsa ya ba ta biyu a tafi, ya ce gobe ta riƙa kula. Shi ke nan fa! Ya yi wanka, ya ci abinci har da ƙari, ya aike ni na jawo buhu. Bayan magariba muka zauna a tabarma yana kwaikwayon yadda motarsa take nishi in ta hau tudu, da yadda wani mai shago ya bi shi da gudu don ya manta hularsa. Inna ta yi dariya har tana riƙe ciki. Ban taɓa ganin yamma mai daɗi irin wannan ba. Yaya tana gefen tabarma, alawa a kumatu, tana hura wa tafin hannunta iska ita kaɗai, tana bin fuskokinmu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Shekararta goma sha ɗaya.

Tun daga ranar ba a sake yin shirun kwana uku a gidanmu ba. Baba bai gama rufe baki ba Yaya ta amsa. Inna ta san gaskiya sarai, don wani abin ma ita ta fasa da hannunta, amma ba ta taɓa cewa uffan ba, sai dai ta ƙara wa Yaya tsokar nama a kwano. Ina son Inna, ina yi mata addu'a kullum, amma wannan tsokar naman har yau tana tsaya mini a wuya. Ni ma kuma ba gwaninta na yi ba, na sha alawata na yi shiru. Duk da haka in ka tambaye ni, ina kewar gidan nan kamar me. Ina kewar hon ɗin nan, da warin lemo, da dariyar Inna. Sai dai yanzu na san a tafin hannun wa aka ɗora daɗin.

An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Yaya ita kam sauka take yi ta je ta kwaso na mutane ta ɗora a kanta. Ta yi aure ta shekara bakwai ba haihuwa. Suka je asibiti su biyu, likita ya gwada su ya ce ita lafiyarta ƙalau, matsalar daga wajen mijin take. Da suka dawo surukarta ta tara su a falo, ga ƙannen miji a zaune, ta ce, "To, wai matsalar daga wa take?" Mijin ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa. Falo ya yi tsit. Kun san sauran. Shekara ba ta zagayo ba aka miƙo mata takarda. Shi kuma ya sake aure, har ya koma ga Allah ba wanda ya kira shi Baba.

Ranar da ta gaya mini gaskiyar na kusa cinye ta ɗanya. Na ce, "Yaya, ke wai wace irin mutum ce? Kofi ne wannan? Ƙwan fitila ne?"

Ta ce, "Auta, ba ki ga fuskarsa ba ne."

"Fuskarsa ta ci ƙaniyarta! Ke taki fuskar fa?"

Ta daɗe tana murza gefen zaninta, sannan ta ce, "Ba shi ba ne ma. Shirun nan ne. In aka yi tambaya aka yi shiru, ji nake kamar an ɗora mini dutsen niƙa a ƙirji. Ban san lokacin da bakina yake buɗewa ba."

Bayan mutuwar auren ta samu aiki a wata makarantar rainon yara, mai aji uku da lilo biyu a fili. Aikinta shi ne duk abin da malamai ba sa so: wanke wanda ya ɓata wando, share majina, lallashin mai kuka, ɗaura igiyar takalmi sau ɗari a rana. Yaran suna kiranta Iya. Takalma arba'in a jere a bakin aji, ta san ƙafar kowanne. Tana wanke-wanke za ta ji kuka ta ce, "Wannan na yunwa ne," ko "Ƙyale shi, wannan na neman magana ne." In yaro ya faɗi ya kurje gwiwa, ba ta cewa yi shiru, sai ta durƙusa ta hura wa wurin iska har ya manta. Shekara ashirin da shida ta yi a nan, har waɗanda ta wanke wa kashi suka fara kawo mata nasu 'ya'yan. Ɗakinta guda ɗaya ne, gado da kabad da risho, amma bango ba masaka tsinke don hotunan aji-aji. A ƙarƙashin gado akwai kwali cike da safa wari-wari da yara suka yar, wai ko mai ita zai dawo nema.

Tsohuwar mai makarantar ta san halinta. In aka fasa gilashin taga ta tara ma'aikata, tun kafin ta yi tambaya take cewa, "Ni-ce, zauna, ba da ke nake ba." Sai ciwon ƙafa ya kwantar da tsohuwar, 'yarta ta karɓi makaranta. Yarinya ce mai ilimi, ba muguwa ba ce, amma komai nata a rubuce yake, kuma watanta biyu kacal, ba ta san kowa ba.

Wata Laraba da hantsi aka bar ƙofar get ba a sa sakata ba. Wani yaro ɗan shekara uku ya tura ya fita, ya bi layi tiƙis-tiƙis har bakin babban titi. Allah ya sa mai faci da ke kwanar ya hango shi, ya yar da tayar da ke hannunsa ya cafko shi ƙafarsa ɗaya tana kan kwalta. Uban yaron ya zo yana huci, kuma wa zai ga laifinsa? Sabuwar shugaba ta jera ma'aikata a ofis a gabansa ta ce, "Wa ya bar ƙofar nan a buɗe?" Aka yi shiru. A lokacin da abin ya faru Yaya tana banɗaki tana wanke wata yarinya da ta yi amai, ko get ɗin ba ta hangowa daga can. Amma shiru ya yi shiru, sai ta ce, "Ni ce."

Shugaba ta rubuta. Aka ce ta zauna a gida, ranar Litinin za a zauna a sallame ta.

Ranar Alhamis na rufe shago na tafi makarantar da kaina, na zazzage wa shugabar tarihinmu tun daga fulas. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce mahaifiyarta ma ta kira ta a waya ta faɗa mata haka. Ta ce, "Amma Hajiya, magana zarar bunu ce. Da bakinta ta faɗa a gaban uban yaro. In ba ita ba ce, ta zo ranar Litinin ta faɗa da bakinta a gabansa. Ni ba zan iya janye mata ba." Na so in yi masifa, na duba na ga yarinyar tana da gaskiya.

Saboda haka ranar Asabar na je ɗakin Yaya na same ta zaune a bakin gado ta zazzage kwalin safa tana ninkewa. Ta rame cikin kwana uku. Ba albashin ne ya dame ta ba, na san ko a kaina za ta ci abinci. Abin da ke cinta shi ne za a ce Iya ta yi sakaci da yaro, kuma ba za ta sake jin ana rige-rigen kiran sunanta da safe ba. Duk abin da ta mallaka a duniya ke nan.

Na ja kujera na zauna a gabanta na ce, "Yau karatu za mu yi. Kalma huɗu ce. Ce: ba ni ba ce."

Ta yi dariya. "Auta, ba ki da aikin yi."

"Ce mana!"

Ta gyara zama, ta yi gyaran murya kamar mai shirin waƙa. "Ba ni..." Ta tsaya. "Ba ni... ba ni ruwa in sha, maƙogwarona ya bushe."

Na ba ta ruwa. Muka sake. "Ba ni... ba ni mafici, ɗakin nan da zafi." Karo na uku ta ce in ba ta carbinta. Wallahi da gaske take, ba wasa take mini ba. Da ta kai kan "ba ni" sai harshenta ya kauce ya bi hanyar roƙo, don wannan hanyar ya sani. Mace mai shekara hamsin da bakwai, ta iya lallashin yara arba'in, ta kasa haɗa kalma huɗu.

Haushi ya kama ni, sai na ji kuka yana taso mini. Na ce, "Yaya, fulas ɗin Baba ni na fasa."

Na ɗauka za ta zabura. Ko ɗagowa ba ta yi daga kan safar ba. "Ai ina bakin ƙofa ina kallonki. Kin rufe ido ɗaya kina leƙawa kamar mai neman aljani."

"Kin sani? To don me?"

"Shekararki shida. Shi kuma kwana huɗu kawai zai yi." Ta ɗora safa a kan 'yar'uwarta da ba tata ba. "Kuma ki daina kallona kamar ni kaɗai na yi gado. Ni na ɗauki amsa, ke kin ɗauki tambaya. Je ki tambayi 'ya'yanki sunan da suke kiranki in kin ba da baya."

Na san sunan, na taɓa jin ƙaramar tana raɗa wa yayanta: "Ga Wa-ya-yi nan ta dawo." A lokacin dariya na yi. Ranar nan a ɗakin Yaya ban yi dariya ba, don na tuna yadda nake shiga gida daga kasuwa, jaka a kafaɗa, ina bin ɗakuna da ido kafin in amsa sannu da zuwa.

Da na dawo hayyacina na tambaye ta ko ta san wanda ya bar ƙofar. Ta sani. Wata sabuwar malama ce, yarinya ƙarama, ta fita amsa waya ta dawo a gaggauce. Yaya ta ga fuskarta a ofis ta gane. "Irin fuskarki ce ranar fulas," in ji ta. Ta ce ko za a yanka ta ba za ta faɗi suna ba.

Na ce, "Ba wanda ya ce ki faɗi suna. Naki kawai za ki cire. Amma bari in tambaye ki. Ni da kika rufa wa asiri, na daina taɓa kayan Baba?"

Ta yi murmushi. "Ina fa! Bayan wata biyu kika karya masa tabarau."

"To in kin tafi da laifin nan, ita ta zauna ba ta ji a jikinta ba, wata rana waya ta sake ƙara fa? Ranar kuma mai faci ya tafi cin abinci?"

Hannunta ya tsaya a kan safa. Wata 'yar ƙarama ce, shuɗiya, ba ta kai tsawon yatsana ba. Ta daɗe tana kallonta. Na tashi na dafa mana shayi.

Ranar Litinin na raka ta. Ofis ɗin ƙarami ne, fanka tana juyawa tana ƙiƙi-ƙiƙi. Ga shugaba a bayan tebur da fayil, ga uban yaro ya harɗe hannu, ga malamai uku a tsaye jikin bango, sabuwar tana ƙarshe ta ƙura wa ƙasa ido. Aka ba mu benci. Shugaba ta ce, "Iya, ranar Laraba kin ce ke kika bar ƙofa a buɗe. Har yanzu kina kan maganarki?"

Yaya ta miƙe. Ta ce, "Ba ni..." Ta tsaya.

Na ce a raina shi ke nan, an gama. Shugaba kuwa, baiwar Allah, da ta ji "ba ni" sai ta ɗauki gorar ruwan da ke gabanta ta miƙo mata. Yaya ta dubi gorar. Har ta ɗaga hannu za ta karɓa, sai ta mayar da shi.

"Ba ruwa nake nema ba, ranki ya daɗe," in ji ta. "Ba ni ba ce. Ina banɗaki ina wanke yarinya. Ba ni ba ce."

Uban yaro ya ce, "Ikon Allah! To in ba ke ba ce, wa ya yi?"

Ashe duk karatun da muka yi ranar Asabar ba shi ne jarrabawar ba, ga ta nan yanzu. Ofis ya yi tsit, sai fanka. Yaya ta koma ta zauna, na kama hannunta na ji ya jiƙe sharkaf. Leɓɓanta suna motsi, ina ganin kalmar tana tasowa tana haɗiye ta. Ta matse yatsuna har zobena ya shige mini nama. Ni da ba na iya rufe baki, ranar na roƙi Allah ya rufe na yayata. Ban san tsawon lokacin ba, a agogo wataƙila minti ɗaya ne.

Sai wata murya daga jikin bango ta ce, "Ni ce."

Yaya ta waiga firgigit, kamar an kira sunanta a kasuwa. Sabuwar malamar ce, hawaye shaɓe-shaɓe, tana ba da haƙuri tana faɗin yadda aka yi. Kafin uban yaro ya buɗe baki Yaya ta riga ta durƙusa tana roƙa mata, wai yarinya ce, wai ba za ta sake ba. Mai hali dai ba ya barin halinsa. Aka yi ta magana, a ƙarshe aka ba malamar takardar gargaɗi, aka ce za a sa wa get ɗin abin da zai riƙa rufe shi da kansa. Shugaba ta ja layi a kan abin da ta rubuta ranar Laraba, ta ce Iya ta dawo aiki gobe. Ta ƙara shekara biyar a makarantar kafin ƙarfinta ya ƙare.

Muka fito muka bi layi a ƙasa. Ni sai zuba nake, ina kwaikwayon yadda shugaba ta miƙo gora, ina cewa yau sai na yi sadaka. Muka wuce mai faci, Yaya ta gaishe shi ta yi masa godiya. Da muka kai inuwar wata bishiya kusa da inda ake jiran mota sai ta tsaya cak.

Ta ce, "Auta, ashe ƙarewa yake yi."

"Me?"

"Shirun. Ashe in an ƙyale shi, da kansa yake ƙarewa. Ba abin da ya faɗo."

Na ce ai shi nake gaya mata shekara da shekaru. Ba ta ji ni ba, tana kallon motoci suna wucewa. Can ta ce, a hankali, "Da na ƙyale shi ya ƙare ranar nan a falon surukata, wataƙila da yanzu akwai mai ce mini Inna."

Na kamo hannunta na dama na buɗe tafin, ya yi kanta saboda sabulu da ruwa. Mutane suna wucewa suna kallonmu, tsofaffi biyu a bakin titi. Na sunkuya na hura masa iska.